Gorar ruwa mai layin awa da na saya wa Baba

Gaskiya gorar nan ta min rana. Baba ya haura 70, tun asuba goro ne a bakinsa, ga Nescafe wajen mai shayi, da yamma kuma ataya da abokai, amma ruwa sai an yi da gaske. Wai shi ba ya jin ƙishi, kuma haka tsufa yake, ƙishirwa ba ta cika taɓa su da wuri ba. Sai jiri in ya miƙe daga tabarma, fitsari ja kamar shayi, bayan gida da ƙyar, dare kuma ido biyu saboda sinadarin kafin mai hana barci da ke cikin goro da kofi ɗin nan.

Lita 1 ce, ta roba, an ja mata layi layi da awa a jiki, to shi ya ɗauke ta kamar gasa, azahar na yi zai ɗaga ya ce "kun gani na kai layi". Sau biyu muke cikawa.

Inda ta ban haushi murfin na yoyo in ta kwanta, ta jiƙa masa darduma sau biyu, ruwan kuma nan da nan ya ɗumame. Nescafe ya koma safe kawai, goro dai ya ce kar ma mu fara.