Hattara da mai "wankin ƙwaƙwalwa" da ke bin kasuwannin ƙauye

Jama'a, ku sa ido. Akwai wani mai ƙaramar mota da lasifika yana bin kasuwanninmu, an gan shi a Gujungu ranar Lahadi, an kuma gan shi a Wudil ranar Juma'a. Cewa yake yana da maganin da ke narkar da gudajin furotin a ƙwaƙwalwar tsofaffi, wai kwalba uku mantuwa ta tafi.

Ga yadda yake yi. Zai jefa wani farin dunƙule cikin kofin gilashi, ya ce ga abin da ke kan mahaifiyarka, sai ya ɗiga maganin ya girgiza, abin ya narke, mutane na ta kabbara. Ni dai na ce ko sukari ne. Kawuna akuya ya sayar ya karɓo wa Inna, wadda yanzu takan tambayi jikokinta su waye su. Kwana biyar tana sha tana wuni barci, har ta faɗi a bayan gida ta fasa goshi. Kwalbar ba lambar NAFDAC, ba sunan kamfani, lambar wayar kuwa a kashe.

Abin da ke ruɗar mutane, ya gauraya ƙaryarsa da gaskiya. Gudajin suna nan. Tun 1906 likitan nan na Jamus, Alois Alzheimer, ya bayyana su. Furotin ɗin da ake kira amiloyid yana taruwa tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, wani kuma mai suna tau yana cukurkuɗewa a cikinsu, har ƙwayoyin su riƙa mutuwa. Amma ido ba ya ganinsu, balle a zuba a kofi, kuma har yau babu maganin da ke warkar da wannan cutar mantuwa da ake kira Alzheimer. Ko maganin lecanemab da Amurka ta amince da shi a 2023, ta jijiya aka fara ɗura shi a asibiti, jinkirta ciwon kawai yake yi kaɗan.

Sannan ba kowace mantuwa ba ce wannan cutar. Hawan jini da ya taɓa ƙwaƙwalwa, ƙarancin bitamin B12, ko matsalar maƙoƙo duk suna kawo ruɗewa, wasunsu kuma ana maganinsu. A kai tsoho babban asibiti a auna shi, in abin ya fi ƙarfinsu su tura ku Asibitin Malam Aminu Kano.

Wanda ya riga ya saya, ya daina ba da shi, ya tafi da kwalbar ya nuna wa likita. Motar fara ce, gilashin bayanta a fashe, an liƙe shi da salatif.