Kuɗin Ruwan Sama a Filadelfiya da Kududdufan Zariya

'Yan uwa na Zazzau, bayan gaisuwa da fatan ana cikin damina lafiya, ina so in ba ku labarin wani aikin hukuma da ake biyan kuɗinsa a nan birnin Filadelfiya na ƙasar Amurka, wanda a gida ba mu ɗauke shi a bakin komai ba. Takardar kuɗin ruwa da ke zuwa kowane wata kashi uku ce: akwai kuɗin ruwan famfo, akwai na kwashe ƙazantar bayan gida, sannan akwai na ruwan saman da ke gangarowa daga rufi da harabar gida zuwa titi. A kan na ruwan saman, gidajen zama suna biyan kuɗi iri ɗaya, amma kantuna da masana'antu ana yi musu lissafi ne da faɗin wurin da suka rufe da rufi ko siminti ko kwalta, kuma wanda ya tanadi inda ruwan zai nutse a cikin filinsa ana yi masa ragi.

Dalilin haka shi ne, a tsofaffin unguwannin birnin bututu ɗaya ne a ƙarƙashin ƙasa ke ɗaukar ruwan sama da na bayan gida tare. Idan aka tafka ruwa sai bututun ya cika, ya amayar da rarar cikin kogunan Delaware da Schuylkill, alhali daga cikinsu ne birnin ke ɗibar ruwan sha. A shekarar 2011 hukumar ruwa ta fara wani shiri na shekara 25, wanda aka ƙiyasta zai ci fiye da dala biliyan 2, domin a tare ruwan tun daga inda ya sauka, ƙasa ta shanye shi kafin ya kai ga bututu.

Abin da ake ginawa ba shi da wuyar ganewa. Ana haƙa rami marar zurfi a gefen titi, a zuba tsakuwa a ƙasa, a ɗora yashi da ƙasa mai taki, a shuka ciyayi da itatuwa masu jure jiƙa da fari, sannan a yanke bakin dakalin titi yadda ruwa zai kwarara ciki. An fi damuwa da ruwan da ya fara sauka, domin shi ne ke wanko baƙin mai da ƙurar taya da sauran dattin kwalta, kuma mafi yawansu a saman ƙasar ramin suke maƙalewa. Ƙa'ida ce ruwan ya tsotse cikin awa 72, tun kafin ƙwan sauro ya girma. Akwai kuma duro na roba da hukumar ke bai wa mazauna kyauta don tare ruwan indararo, abin da matan Zariya suka daɗe suna yi ba tare da wani ya koya musu ba.

Ba na ganin za a iya kwafo wannan tsari yadda yake. Ruwan da ke sauka a Zariya a shekara kimanin mita ɗaya ne, bai yi nisa da na Filadelfiya ba, sai dai nasu a warwatse yake cikin wata 12, namu kuwa cikin wata biyar ko shida yake zubowa, kuma da marka ta kama a Agusta ƙaramin ramin gefen titi zai cika cikin mintoci kaɗan, balle ga jar ƙasarmu mai laka da ba ta shan ruwa da sauri. Abin da ya dace da irin ruwanmu shi ne kududdufan cikin birni, waɗanda asalinsu ramukan ɗibar ƙasar gini ne, suna kuma riƙe ruwa mai yawa. Aibinsu sananne ne: shara, wari da sauro. Amma duk kududdufin da aka cike aka yi gini a kansa, ruwan da yake riƙewa sai ya bi lambatu, ya kwashi leda da baƙin man makanikai zuwa Kubanni, inda masu lambu ke ban ruwan latas da kabejin da ake kai wa kasuwar Sabon Gari, daga nan ya faɗa Galma.

A nan Filadelfiya ma aikin bai kammala ba, domin har yanzu bututun na amai idan ruwa ya yi ƙarfi, kuɗin ruwa na ƙaruwa, kuma ramin da aka bar shi babu yasa da cire shara toshewa yake yi kamar kowane kwalbati. Kuɗin da ake karɓa kowane wata shi ke biyan ma'aikatan da ke zagayawa suna wannan yasa.

Ga masu shirin shimfiɗa intalok a tsakar gida, shawarata ita ce a ɗora shi a kan tsakuwa da yashi, a bar 'yar tazara tsakanin bulo da bulo, kada a zuba kankare a ƙarƙashinsa, sannan a karkatar da gangaren zuwa gindin itace maimakon zuwa ƙofar gida.