Na gwada turaren ƙaron ƙudan zuma

Duk wanda ya sayi wannan turare yana sa ran jin ƙamshin zuma, to zai sha mamaki. Ƙaron ƙudan zuma, wanda ake rubuta propolis a jikin kwalba, ba daga ruwan fure yake fitowa ba. Ƙudan ne ke bin tohon itatuwa da inda ɓawo ya tsage, su kwaso danƙo, su cuɗa da kaki, su liƙe kafofin amya. Kusan rabinsa danƙon itace ne, wajen kashi 30 cikin 100 kaki, shi ya sa ƙamshin itace ke gaba, zaƙi na biye.

Wanda na samu an jiƙa shi ne a alkohol, aka haɗa da sandal da ɗan lemo. Feshin farko bai burge ni ba ko kaɗan. Kaifi gare shi, sai ka ce an buɗe kwalbar magani. Amma da ya kwanta a fata, sai ga wani ɗumi da ɗan hayaƙi-hayaƙi, da zaƙi irin na banila can ƙasa. Lemon ya gudu tun da wuri, ƙaron kuwa ya riƙe sandal ɗin har yamma. Ba ya cika ɗaki. Sai wanda ya matso kusa ne zai tambaye ka me ka shafa. Ni hakan ya yi min.

Matsalarsa tabo. Ruwan ja-ja ne mai duhu, ya bar min rawaya a wuyan farar riga, sabulu ya yi ya gaji, sai da na goga alkohol. Da sanyi ya shigo kuma, kaki ya taru a gindin kwalbar, bakin feshin ya riƙa toshewa.

Mai fata mai saurin ƙaiƙayi ya yi hattara, domin an san wannan ƙaro da tayar wa wasu ƙuraje. A ɗiga kaɗan a gwiwar hannu, a jira kwana biyu tukuna.

Zan ƙara saye, amma sai na tambayi daga ina ƙaron ya fito. Na Turai galibi daga tohon wani itace ne na can da ake kira fofla (poplar), Barazil kuma tana da kore da ja daga wasu tsirrai daban, ƙamshinsu ba ɗaya ba. Kwalbar da na saya ba ta faɗi komai a kan wannan ba.