Bakan Itace Zalla Ko Mai Zaren Gilashi: Wanne Zai Jure Harbin Kullum?

Kafin kyan baka ya ɗauke maka hankali, tambayi nauyin jansa. Da fam, wato ma'aunin nauyi, ake auna shi, a tsawon ja na inci 28, kuma sabon maharbi gara ya tsaya tsakanin fam 25 zuwa 35. Bakunkunan yaƙin Ingila da aka ciro daga jirgin Mary Rose, wanda ya nutse a 1545, da yawansu sun haura fam 100, amma masu su tun suna yara suke ja. Kai da za ka riƙa harbi kowace yamma, baka mai nauyi kafaɗa zai cinye maka, saiti ya watse.

Bakan da aka sassaƙa daga itace guda, irin su yew, osage ko hickory, yana da daɗin riƙo ga rashin ƙara, sai dai yana son lallashi. Ka sa mai sayarwa ya ɗaura tsirkiya ya ja a gabanka. Dubi reshen sama da na ƙasa: tare suke lanƙwasa, ko akwai wuri ɗaya da ya fi lanƙwashewa? Nan zai tsage wata rana. Shafa bayansa, wato gefen da ke fuskantar abin harbi, da yatsa, domin duk ɗan sili da ya tashi a wurin alamar mutuwa ce. Sannan a kwance tsirkiyar ka ga yadda zai miƙe. Lanƙwasar inci ɗaya ko biyu da ta rage ba komai, in ta zarce haka itacen ya gaji, kibiya za ta fita a sanyaye. Hickory kuwa, duk da taurinsa, laima na sa shi laushi.

Bakan da aka manna wa zaren gilashi (fiberglass) gaba da baya ya fi gudun kibiya, bai damu da sauyin yanayi sosai ba, yana kuma jure jan mutane dabam-dabam. Na itace zalla in an ja shi fiye da tsawon da aka yi shi dominsa, sai ka ji ƙas!

A ganina gudu ba shi ne abin dubawa ba. Harba kibau shida daga mita 18. In sun taru wuri ɗaya kuma hannunka bai ji girgiza ba, bakan ya isa. Amma wanda ya san zai manta kwance tsirkiya bayan harbi, ko zai riƙa ba abokai aro, ya ɗauki mai gilashin. Mai sayen na itace kuma ya nemi tsirkiyar Dacron (wani irin zaren roba) da kibau masu ɗan nauyi, kada kuma ya taɓa sakin tsirkiya babu kibiya a kai.