Yaro ɗan gaba a babbar ƙungiya: a riƙe shi a gida ko a ba da aronsa?

Ɗan'uwa, tambayarka ita ce: yaro ɗan shekara 17 ko 18, ɗan wasan gaba, babbar ƙungiya ta ɗauke shi, jaridu sun fara yi masa kirari tun bai taka fili ba. Wanne ya fi masa, ya zauna yana atisaye da manya yana jiran 'yan mintocin da za a yaga masa, ko a ba da aronsa ga ƙaramar ƙungiya ya je ya yi ta bugawa? Ka kuma tambaya ƙwallo nawa ya kamata a sa ran zai ci kafin a ce ya yi ko bai yi ba.

Sai mun fara yarda cewa lamba tara, wato gurbin ɗan gaba na tsakiya, daban take da sauran gurabe, domin kujera ɗaya ce tak. Yawancin manyan ƙungiyoyi yanzu da ɗan gaba ɗaya suke fita, alhali tsakiya akwai gurbi uku, gefe biyu, baya huɗu. Wanda ke kan kujerar nan kuma galibi shi ne wanda aka fi kashe wa kuɗi, ko ya yi wasa biyar bai ci ba koci ba ya iya ajiye shi cikin sauƙi. Shi ya sa idan aka kawo misalin Phil Foden na Manchester City, wanda koci Guardiola ya ƙi ba da aronsa kuma abin ya yi kyau, nakan ce misalin bai zauna ba. Foden ana iya cusa shi gefen hagu, gefen dama ko tsakiya. Yaron da ba ya iya buga komai sai tara, ƙofarsa ɗaya ce, kuma akwai ƙato a tsaye a bakinta.

Abin da zama a gida yake ba shi ba kaɗan ba ne. Kullum da safe yana karawa da 'yan bayan da suka fi waɗanda zai haɗu da su ranar wasa. Yana da mai horar da 'yan gaba, da likitoci, da masu yanko masa bidiyon kowane motsi nasa. A nan ake koya masa abubuwan da ƙwallon yara ba ta tilasta masa ya koya ba, saboda can gudu da ƙarfi kaɗai sun ishe shi: yadda zai karɓi ƙwallo ya ba raga baya ɗan baya na tura shi, lokacin da zai tsinke da gudu ba tare da satar gida ta kama shi ba, yadda zai lanƙwasa gudunsa idan ya je matsa wa mai tsaron raga don ya toshe hanyar fasin ɗaya, bugu da ƙafar da ba tasa ba, da rige ɗan baya zuwa turken kusa. Kuma yana koyon su da salon kocin da zai sa shi wasa. Ranar da dama ta faɗo, yana wurin. Marcus Rashford na Manchester United a Fabrairun 2016 ya shiga wasan Midtjylland ne don Martial ya ji rauni wajen motsa jiki kafin a take wasa. Ya ci biyu, bayan kwana uku ya ƙara biyu a ragar Arsenal. Da yana can aro, da wani aka kira.

Amma akwai abin da atisaye ba ya koyarwa, kuma ga ɗan gaba shi ne rabin sana'ar: ka ɓarar da ƙwallo a minti na 20, filin ya ɗauki ihu, sannan ka ci gaba da neman wata har ta zo a minti na 70. Yaron da ake sako shi saura minti takwas ba ya samun wannan. In ƙungiyarsa na kan gaba, kowa ya saki jiki, wasan ya mutu. In ana binta, abokan hamayya sun cika gidansu maƙil, shi kuma ya shigo da tunanin dole ya nuna kansa a taɓawa biyu ko uku. Daga nan ake fara buga ƙwallo daga inda bai kamata ba. Canji biyar da aka tabbatar a dokar wasa a 2022 ya ƙara wa yara yawan fitowa, amma bai ƙara musu fara wasa ba. Dubi Endrick. A Palmeiras yana fara wasa, har ya ɗauki kofin gasar Brazil. Ya isa Real Madrid a Yulin 2024 bayan ya cika 18, a daidai lokacin da Mbappe ya iso. Ya ci ƙwallo a wasansa na farko a La Liga da Valladolid, amma kakar ta ƙare mafi yawan ƙwallayensa a Copa del Rey ne, domin can kaɗai yake samun fili sosai.

Aro kuma, a takarda, maganin wannan ne. Minti 90 kowane mako, 'yan baya masu shekara 30 da ba sa jin kunyar taka ƙafa, da ƙungiyar da maki uku ke nufin albashin mutane. Romelu Lukaku ya zo Chelsea a 2011 yana da shekara 18, ya shafe kaka guda kusan a benci. Aka kai shi West Brom ya ci 17 a Firimiya, aka kai shi Everton ya ci 15. Harry Kane ya zaga Leyton Orient, Millwall, Norwich da Leicester kafin ya ci wa Tottenham 21 a Firimiya a kakar 2014/15 ƙarƙashin Pochettino.

Sai dai masu yabon aro suna tsallake wani abu a labarin Kane ɗin nan. A Millwall ya yi kyau. A Norwich ya karye a ƙafa, ya dawo bai ci ko ɗaya ba. A Leicester benci ya fi zama. Wato cikin aro huɗu, biyu ba su haifar da abin kirki ba. Dalilin a bayyane yake: kocin da aka ba aron yaro ba shi da wani alhaki a kansa. Kujerarsa yake karewa, kuma ya san ko ya wahala ya gyara yaron, wata ƙungiya ce za ta ci moriya. In sakamako ya fara lalacewa, ɗan aro ne farkon wanda za a ajiye. Federico Macheda, wanda ya ci wa Manchester United ƙwallon nan a ragar Aston Villa a Afrilun 2009 yana ɗan 17, an yi ta yawo da shi daga Sampdoria zuwa QPR zuwa Stuttgart, bai dawo ya kama gurbi ba. Ga kuma bambancin salo. Yaron da aka raina a ƙungiyar da ke riƙe ƙwallo, in aka jefa shi inda ake ɗaga ta sama daga baya, zai iya yin wasa guda bai samu dama ko biyu ba. Zai koyi kokawa da haƙuri, amma ba lallai ya koyi abin da uwar ƙungiyarsa ke buƙata ba.

Misalin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Kelechi Iheanacho da Victor Osimhen, don sun taso ta ƙofa ɗaya. Iheanacho shi ne gwarzon gasar duniya ta 'yan ƙasa da 17 a Daular Larabawa a 2013. Osimhen ya ci 10 a irin wannan gasa a Chile a 2015, ya ɗauki takalmin zinare. Dukansu sun ɗaga kofin.

Iheanacho ya tafi Manchester City, ya zauna a gida. Farkon abin kamar a mafarki: a Satumban 2015 ya shigo daga benci ya ci Crystal Palace a minti na 90, ya ci uku rigis a ragar Aston Villa a kofin FA, ya gama kakar da 14 ƙarƙashin Pellegrini. Duk wanda ya ga alƙaluman nan zai ce an dace. Amma kujerar ta Aguero ce. Guardiola ya zo a 2016 da buƙatunsa na daban, Gabriel Jesus ya iso a Janairun 2017, Iheanacho ya koma na uku a layi. A Agustan 2017 aka sayar da shi ga Leicester, can ma ya tarar da Vardy. Ya yi shekaru masu kyau, musamman 2021 da suka ɗauki kofin FA, ba wanda zai ce ya gaza. Sai dai shekarun da ɗan gaba ke gina kansa a matsayin mai fara wasa, shi ya yi su ne a matsayin mai shigowa, kuma sunan ya bi shi.

Osimhen kuwa farkonsa ba daɗi. Ya koma Wolfsburg a Janairun 2017, ƙungiyar tana fafutukar kada ta faɗi, ta canza koci har sau uku a ɗan zaman da ya yi. Ga rauni, ga zazzaɓin cizon sauro da ya kwantar da shi a 2018. Ya bar Jamus bai ci ko ɗaya ba. Charleroi ta Beljiyam ta karɓe shi aro, kuma ta karɓe shi ne don tana neman mai ci mata ƙwallo, ba don ta yi wa kowa alfarma ba. Ya ci 20 a kaka guda. Daga nan Lille a 2019, Napoli a 2020, sai ƙwallo 26 da kofin Serie A a 2023, wanda rabon Napoli da shi tun 1990. A shekara 19, in ka jera su biyun, kowa Iheanacho zai nuna. Ban ce aro ne kaɗai ya raba su ba, halin mutum da jikinsa suna ciki. Amma ɗaya ya samu wurin da aka gina wasa a kansa tun yana 19, ɗayan bai samu ba.

Haaland ma hanyar da ya bi ke nan, sai dai shi bai jira an ba da aronsa ba: Molde, Salzburg, Dortmund, sannan City a 2022. Kowane mataki sai da ya tabbatar kujerar tasa ce.

To kada wannan ya sa a ce a jefa kowane yaro wasa 50 a kaka. A nan ne zama a gida yake da hujja mai ƙarfi, in kocin mai hankali ne. Jikin ɗan 17 bai gama ƙosawa ba, kuma ɗan gaba mai gudu tsokar bayan cinya ce jarinsa. Michael Owen ya fara wa Liverpool a 1997 yana 17, ya yi ta bugawa ba hutu, ya raba takalmin zinare na Firimiya sau biyu, ya je gasar duniya ta 1998. A Afrilun 1999 tsokar ta tsage a filin Leeds yana ɗan 19. Ya ci Ballon d'Or a 2001, amma shi da kansa ya sha faɗin cewa gudun nan na farko bai dawo ba. David Moyes kuwa, kocin Everton a lokacin, bayan Rooney ya ci Arsenal a Oktoban 2002 yana 16, ya ci gaba da sako shi daga benci a fiye da rabin wasannin da ya buga a kakar, ana ta zaginsa. Ni ina ganin Moyes ya yi daidai.

Ba jiki kaɗai ba. Bojan Krkic ya ci 10 a La Liga a kakarsa ta farko a Barcelona yana 17, aka fara haɗa shi da Messi. Ya janye daga tawagar Sifaniya ta Euro 2008, sai bayan shekaru ya bayyana cewa ciwon fargaba ne ya hana shi. Ansu Fati, shi ma a Barcelona, bayan raunin gwiwa na Nuwamban 2020, an ɗora masa riga mai lamba 10 a 2021 tun bai gama warkewa ba. Wannan nauyin ba koci kaɗai ke ɗora shi ba, har da mu masu kallo.

Wanda ya kawo mu batun adadin ƙwallo. Ni ba na sa wa ɗan 17 ko 18 lamba a babbar ƙungiya, domin jimillar ƙwallo ba ta da ma'ana in ba a haɗa ta da mintoci ba. Wanda ya ci 5 a minti 600 ya fi wanda ya ci 9 a minti 2,500. Abin da nake kallo shi ne ko yana isa wurin da ake cin ƙwallo. Yaron da ke ɓarar da dama uku a wasa bai dame ni ba, ƙafa za ta daidaita. Wanda ke tayar mini da hankali shi ne wanda za a tashi wasa ba a gan shi cikin da'irar mai tsaron raga ba. Sai kuma abin da yake yi bayan ya ɓarar: ya sake neman ƙwallo, ko ya fara ɓuya a bayan ɗan baya?

Ga inda na tsaya. A 17 zuwa 18, ya zauna a gida, ya sha atisaye, ya buga wasannin kofi, a kula da jikinsa. Amma in ya doshi 19 ko 20 bai fara wasa ko goma a kaka ba, kuma mai kujerar yana da sauran shekaru uku a kwantiraginsa, zama ya zama ɓata lokaci, komai girman sunan ƙungiyar. Ya fita. Kafin a sa hannu kuma a duba abu uku: kocin can shi ya nemi yaron da bakinsa ko shugabanni ne suka ƙulla, 'yan gaba nawa ne a gabansa, kuma akwai sharaɗin dawo da shi a Janairu in an jibge shi a benci. In amsar ta farko ita ce shugabanni ne suka ƙulla, gara ya ƙara wata shida a gida a nemo wata ƙungiyar.