Na cire kafet na sa daɓen katako a Jos: abin da ya ci mini

Shekara bakwai kafet ɗin falonmu ya yi, mai ruwan toka, irin wanda ake mannawa da gam daga bango zuwa bango. Wanda ya zauna a Jos ya san abin da hunturu ke yi wa irinsa. Ko an rufe tagogi sai ƙura ta shigo ta lafe a cikin gashinsa. A share da safe, da yamma yaro ya yi tsalle ɗaya ka ga ta tashi cikin hasken taga. Ga autana da asma. Ranar da likita ya tambaye ni ko akwai kafet a ɗakin da yake kwana, shiru na yi, don na san amsar ba ta da daɗi.

Kowa tayil ya ce in sa, kuma gaskiya ya fi araha nesa ba kusa ba. Amma na taɓa zama gidan tayil a garin nan. Ka sauko daga gado da asubar Disamba ka taka shi, sanyin har tsakar ka. Shi ya sa na kafe a kan katako, Baban Abba ya ce tunda ni na ji ni na gani, in yi lissafina.

A kasuwar kayan gini ta Dei-Dei da ke Abuja na gane cewa abin da muke tarawa mu kira daɓen katako kala uku ne. Akwai laminet, garin katako ne da aka matse aka manna masa hoton itace a sama. Akwai na roba da garin dutse, wanda suke kira SPC, shi ruwa bai dame shi ba. Sai wanda 'yan kasuwa ke kira injiniyad: samansa itace ne na gaske, kaurin milimita 2 zuwa 6, ƙasansa kuma siraran fallayen katako ne da aka jera a gicciye aka manne. Wannan gicciyen shi ne sirrin. Itace yana kumbura idan ya sha danshin damina, ya tsuke idan iskar hunturu ta busar da shi, to fallayen sai su riƙe juna, motsin ya ragu. Daga sama duka ukun kamarsu ɗaya a idon baƙo. Ki ce a ba ki falle ɗaya, ki juya shi ki dubi gefensa. Idan ba ki ga hawa-hawan katakon da idonki ba, ki riƙe kuɗinki.

Na ɗauki mai launin zuma, kaurinsa milimita 14, itacen saman milimita 3. Kayan waje ne, don haka farashinsa dala yake bi, kuma tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dalar da ba ta kai 500 a farashin gwamnati ba, sai ga ta ta haura 1,500 a 2024. Mai shagon ya rubuta mini farashi a takarda, ya ce, "Hajiya, wannan na satin nan ne fa, sati mai zuwa sai abin da Allah Ya yi."

Falo mita 5 ne a 6, ɗakin yara 4 a 4, ya kama sikwaya mita 46. Aka ce in sayi 50 saboda yanke-yanke da ɓarna. A kan naira 45,000 kowace sikwaya, miliyan 2 da dubu 250 ke nan. Kuɗin aiki 3,500 a sikwaya, ya tashi 161,000. Na haɗa na ga miliyan 2 da dubu 400 da 'yan kai, na ce shi ke nan, adashina da abin da na tara za su ɗauka.

Ashe ban ɗaga kafet ba tukuna.

Ranar da aka yaye shi ban ji daɗin ganin abin da muka shekara bakwai muna zaune a kai ba. Gam ya bushe ya kama siminti, wuraren da aka ja da ƙarfi daɓen ya biyo shi yana marmashewa. Kusa da ƙofa akwai wani kwari da ban taɓa sanin da shi ba, soson kafet ya ɓoye shi. Mai aikin ya ɗauko doguwar sandar alminiyom ya kwantar a ƙasa, ya zura yatsunsa biyu ta ƙarƙashinta, ya ɗago ya kalle ni. Ya ce bai kamata ramin ya wuce milimita 3 a tsawon mita 2 ba, in ba haka ba duk wanda ya taka sai falankin ya lotsa, haɗin ya riƙa ƙara, wata rana ya karye. Sannan ya yanko leda ya manne ta da salatif a jikin daɓen, ta gefen bangon banɗaki. Da safe muka ɗaga, ga raɓa a cikinta. Bututu ne ke tsiyaya a cikin bango, sai da aka fasa.

Kankare gam, gyaran bututu da daidaita daɓe sun ci 180,000. Abin da ya fi kuɗin ciwo shi ne jira. Sati uku muka yi siminti na bushewa, kujeru a baranda an lulluɓe da tsofaffin zannuwa, baƙi kuwa sai dai a ɗakina. Na yi ta matsa masa ya fara, ya ƙi. Ya ce, "Madam, in na sa yanzu, bayan wata uku ke za ki kira ni kina faɗa." Yanzu na gode masa da taurin kan nan.

Sauran suka biyo baya ɗaya bayan ɗaya. Ledar tare danshi da soson da ake shimfiɗawa a ƙasa, 90,000. Sikatin na gindin bango, 140,000, don wanda muke da shi ya ɓalle wajen cire kafet. Motar da ta kawo kwalayen daga Abuja ta Keffi da Akwanga, 70,000. Ƙofofi uku suka ƙi buɗuwa saboda ƙasa ta ƙara tudu, kafinta ya rage musu gindi a kan 25,000. Da na tattara rasit sai ga miliyan 2 da dubu 916. Rabin miliyan a kan lissafina, kuma ko kwabo a cikinsa bai tafi wajen katakon kansa ba.

Shimfiɗawar kwana biyu kacal ta ɗauka, bayan kwalayen sun yi kwana uku a falon don itacen ya saba da iskar gidan. Ba a sa gam ba, fallayen ne ke shiga bakin juna. Da na ga ya bar tazarar kusan santimita ɗaya a jikin kowane bango na ɗauka ha'inci ne, ashe wurin numfashi ne, sikatin ke rufe shi.

Yau wata goma. Shara ta zama wasa, tsintsiya mai laushi da mopa da aka matse sosai sun wadatar. Ƙafa ba ta jin sanyin nan na tayil. Tarin autan na dare ya ragu, ko da yake yana shan maganinsa, don haka ba zan ce katako ne kaɗai ba. A Janairu wasu siraran layuka suka buɗe tsakanin fallayen, hankalina ya tashi, amma da ruwa ya sauka suka haɗe da kansu.

Sai dai gidan Bahaushe ba gidan hoto ba ne. Yashin da takalmi ke kwasowa yana karce shi. Na gaji da hana yara shigowa da buta. Yarinyar da ke taya ni aiki ta saba ta kwara ruwa ta goge, sai da na tsaya a kanta sati guda. Ranar wata Juma'a kuma garwashi ya faɗo daga kaskon turaren wuta, kafin in ɗauke ya bar baƙin tabo kamar kwabo a tsakiyar falo. An ce za a iya goge saman da inji a sake shafa masa mai, milimita 3 zai ɗauki sau ɗaya ko biyu, amma wa zai kwashe falo saboda tabo ɗaya? Da yau zan sake, ɗakin yara zan sa wa wannan, falo in sa na robar, in riƙe canjina.

Da Hajiya surukata ta zo daga Bauchi, ta tsaya a bakin ƙofa tana kallo. Ita ba ta zaman kujera, a ƙasa take cin abinci, a ƙasa take lazimi. Ta ce, "Maman Abba, ya yi kyau, Allah Ya sa alheri. To ni a ina zan zauna, a kan allo?" Washegari na shiga kasuwar Taminus na sayo babbar darduma ta 120,000. Ita ce yanzu a tsakiyar falon, ta rufe tabon garwashin, duk Asabar yara su fitar da ita waje su kakkaɓe.