Bourbon mai gauraye a wata mashayar wiski da ke Wuse 2

Mashayar tana da sanyin na'ura da kwalaben wiski jere a bango, amma kafin a zuba maka, karɓi kwalbar ka karanta. Dokar Amurka ta ce bourbon, wato wani nau'in wiskin Amurka, sai masara ta kai kashi 51 cikin ɗari na hatsin da aka yi shi da shi, a ajiye shi a sabuwar gangar itacen oak da aka babbake cikinta, kuma ƙarfinsa a kwalba kada ya gaza kashi 40. Wanda aka rubuta wa “blended bourbon” rabi da ɗoriya ne kawai ya zama dole ya kasance tsantsar bourbon, saura ana iya cikewa da barasa marar ɗanɗano. Na nan irinsa ne.

A hanci akwai zaƙin masara da ƙamshin sukari ƙonanne, kamar alewar madara da ta ɗan kama tukunya. A baki laushi gare shi, sai dai ɗanɗanon ba ya daɗewa. Da ka haɗiye, zafin barasa kaɗai ke saura a maƙogwaro. Ɗigo uku na ruwan gora na kwantar da wannan zafin.

Inda masu mashayar suka gaza shi ne ƙanƙara. Ƙanana suke zubawa, nan da nan ta narke ta mayar da shi salam. Nemi babban dunƙule guda, ko ka sha haka nan. Kofin ma mai faɗin baki ne, ƙamshi na tserewa. Mai tsukakken baki ya fi.

Tsiren bakin ƙofa kuwa bar shi sai ka gama, yaji na kashe harshe. A jikin kwalbar kuma, duba lambar NAFDAC da hatimin murfi.